Karen Wa Ne? Darasi A Kan Doka Da Alhakin Mai Kare

A ƙasar Kauru da wuya ka shiga gari, ko Geshere ne ko Damakasuwa ko Kwassam, ko ƙananan unguwannin nan da ke gindin duwatsu, ba ka ji haushin kare ya tarye ka tun daga bakin hanya ba. Manomi na son kare saboda birai da ɓarayi. Mafarauci ba ya fita daji da rani sai da nasa. Makiyayi kuma yana barinsa a bakin ruga ya yi gadi. Kare dai ma'aikaci ne da ba ya neman lada, sai ɗan ƙanzo da ƙashi. Amma akwai rana guda da kare ke rasa ubangiji, ita ce ran da ya ciji mutum. Ran nan in ka ce, "Karen wa ne?" sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai. To, wannan tambaya ita ce darasinmu, domin yawancin dokokin da aka yi a kan karnuka, na da da na yanzu, amsarta su ke nema.

Bari in gaya muku abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarar da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙasar nan, wata rana da safe sai na ga wani yaro ɗan aji uku ya shigo yana ɗingishi, ya ɗaure ƙwaurinsa da tsumma. Na tambaye shi, ya ce kututture ya yi karo da shi. Da na kwance tsumman sai ga gurbin haƙora huɗu. Ashe kare ne ya kama shi a hanyar rafi, yana tsoron faɗi kada a doke shi a gida, a ce shi ya tsokana. Muka wanke ciwon da sabulu, ni da hedimasta, muka tafi wurin mai unguwa. Kowa a unguwar ya san gidan da karen nan ke kwana, ya san mai zuba masa tuwo. Aka kira mutumin, ya zo ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba nawa ba ne, yarana kawai ya ke bi." Kafin la'asar samari sun bi karen da kulake sun kashe, kafin magariba an yi gaba da gawar. Uban yaron ya sayar da buhun masara biyu, ya yi ta kai ɗansa birni ana yi masa allura har aka gama. Yaron ya tsira, mun gode Allah. Wanda ya yi kiwon karen kuwa ko anini bai biya ba. Daga baya na ji wai wannan yaro shi ne mutum na uku da karen ya ciza.

Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, watau mutum na uku, gama a nan shari'ar ta ke.

Tsohuwar ƙa'ida: wanda ya sani, shi ke da laifi

Kada ku zaci dokar kare sabon abu ne da Turawa suka zo da shi. A shekarun 1940 masu tonon kayan tarihi sun sami waɗansu alluna na yumɓu kusa da Bagadaza, a ƙasar Iraƙi, ɗauke da dokokin wata tsohuwar daula da a ke kira Eshnunna. Dokokin nan sun kusa shekara 4,000 da rubutawa. A cikinsu akwai hukuncin mugun kare. In hukumar unguwa ta sanar da mai shi, shi kuwa bai tsare shi ba, har ya ciji mutum ya mutu, to mai karen zai biya shekel 40 na azurfa. Ku duba da kyau, ba a ce da zarar kare ya yi cizo a kama mai shi ba. Sai da aka fara sa sharaɗi, watau an gaya masa, ya ji, ya yi biris.

Wannan ƙa'ida tana nan cikin littattafan addinan da mu ke bi a ƙasar nan. A Littafin Fitowa, sura ta 21, an kawo hukuncin sa mai tunkuyi. In karon farko ne, a kan san hukunci ke faɗawa, mai shi ya kuɓuta. Amma in an san sa da wannan hali tun da, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to jinin wanda ya mutu yana wuyansa. Malaman Malikiyya kuma, waɗanda a ke karanta littattafansu a zaurukanmu, sun yi magana a kan kare mai cizo musamman. Sun halatta a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, amma wanda ya ajiye mai cizo, aka gargaɗe shi, sa'an nan karen ya yi ɓarna, shi zai ɗauki lamunin abin da ya ɓata. Saboda haka babu wani a ƙasar Kauru, ko masallaci ya ke zuwa ko coci, da zai ce wannan hukunci baƙo ne gare shi.

Dokar Ingila da kotunan Nijeriya suka gada ita ma haka ta tafi. Ta kasa dabbobi kashi biyu. Akwai waɗanda mugunta ce halittarsu, kamar zaki da damisa da kura. Wanda ya ajiye irin waɗannan, duk abin da suka yi shi ne a ciki, ba a tambayarsa ko ya sani. Akwai kuma dabbobin gida, kamar kare da doki da sa. A nan sai mai ƙara ya tabbatar wa alƙali cewa mai dabbar ya san tana da wannan mugun hali. Har Turawa na yi wa dokar ba'a, wai ta ba kowane kare cizo ɗaya kyauta. Ba daidai ba ne ƙwarai, domin ba lalle sai kare ya taɓa fasa jikin wani ba. In ya saba kai wa mutane hari, mai shi kuwa ya gani ko an gaya masa, ya isa.

Akwai wata shari'a da masu koyon aikin lauya ke karantawa, wadda aka yi a Babbar Kotun Legas a 1965, tsakanin Daryani da Njoku. Karen Njoku ya ciji Daryani. A gaban kotu sai aka kawo shaida cewa karen ya taɓa cizon wata 'yar aiki, an kuma kai ƙara wurin matar mai karen. Kotu ta ce sanin matar gida sanin maigida ne, ta ɗora masa alhaki. Wannan hukunci ya dace da zamanmu ƙwarai, domin a ƙauye maigida yana gona ko kasuwa, mata da yara su ke ganin abin da kare ke yi da rana. Ba shi da damar ya ce shi bai ji da kunnensa ba.

Yanzu mu koma ga mutumin nan da ya ce karen ba nasa ba ne. A wurin shari'a ba a neman takardar ciniki. Wanda ke ciyad da kare, ya bar shi yana kwana a gidansa, shi ne mai riƙonsa, ko saye ya yi, ko kyauta aka ba shi, ko kuwa karen ne ya biyo yaransa ya zauna. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Abin da ya kuɓutar da shi ran nan shi ne, mutum biyun da aka fara ciza ba wanda ya kai magana gaba. An ba su haƙuri a zaure, sun haƙura don zumunci, maganar ta mutu. Da ɗayansu ya je wurin mai unguwa, aka kira mai karen aka gargaɗe shi gaban shaidu, da ran da aka ciji yaron nan ba shi da bakin musu. Haƙuri abu ne mai kyau, amma irin wannan haƙuri ɗan wani ne ya biya kuɗinsa.

Inda tsohuwar ƙa'ida ta gaza

Duk da kyanta, ƙa'idar nan tana da rauni guda babba. Tana jiran cizon farko. Alhali kuwa akwai cizon da ba shi da na biyu, shi ne cizon mahaukacin kare.

Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ke cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga jiki ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar wani rauni, sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan takan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. In cizon a fuska ne ko a wuya, hanya ta yi gajarta, shi ya sa abin ya fi haɗari ga ƙananan yara, waɗanda tsayinsu bai wuce bakin kare ba. Muddin cutar tana kan hanya ana iya tare ta da allura. In ta isa, alamu suka bayyana, watau zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa, to kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, watau sa'o'in waɗanda za mu tsaya gabansu a aji. Kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare su ke ɗauka. Abin baƙin ciki, maganin rigakafin ya daɗe a duniya. Tun watan Yuli na 1885 Louis Pasteur, wani masani na Faransa, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar, ya rayu.

Karen da ya fi kowane ladabi a gari, wanda bai taɓa ko yi wa baƙo gurnani ba, in ya kamu zai ciji ɗan gidan da ya rene shi. A nan ba a iya cewa mai shi ya san halinsa. Saboda haka aka yi wata irin doka dabam, wadda ba ta jiran ɓarna. Ita ce Dokar Karnuka da aka fara aiki da ita a Nijeriya ran 1 ga Janairu, 1943, zamanin mulkin Turawa. Manufarta biyu ce, yi wa karnuka lasin, da kashe kaifin ciwon hauka. Mai kare zai yanki lasin, a ba shi 'yar lamba ya rataya wa karen a wuya. Hukuma na da ikon kama karen da ba shi da lamba. Wanda ya ga alamar hauka ga karensa wajibi ne ya tsare shi ya kai rahoto. In ciwon ya ɓulla a wani yanki, ana iya shelar cewa yankin ya kamu, a hana shiga da fita da karnuka. Amfanin 'yar lambar nan ya fi kuɗin da a ke karɓa, gama ita ce ke amsa tambayar da muka fara da ita. Kare mai lamba ba a iya musunsa.

Ban da wannan, kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda a ke kira Final Kod, da aka zartar a 1959 aka fara aiki da shi a 1960, ya mai da sakaci da dabba laifi. Wanda ya ƙi kula da dabbar da ke hannunsa yadda za ta iya halaka mutum ko ta yi masa mummunan rauni, ana iya hukunta shi. Daga wannan kundi jihohin Arewa suka gaji nasu. Ya kamata ɗalibi ya bambanta abu biyu a nan. Tara ko ɗauri horo ne na hukuma, kuɗin tara kuwa baitulmali ya ke shiga. Diyya ita ce haƙƙin wanda aka cuta, watau kuɗin allura da na mota da kwanakin aikin da ya rasa, kuma sai ya nema a ke ba shi. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

To, wa ke da alhakin zartar da abin a yau? Tsarin Mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da kula da yadda a ke ajiye dabbobin gida da yadda a ke yawo da su. Watau ba sai an jira Abuja ba. Ƙaramar Hukumar Kauru, da ta Lere, da ta Jama'a, kowace na da ikon yin tata doka a kan wannan. Ni dai a yawon da na yi cikin ƙauyuka ban taɓa ganin kare da lamba a wuya ba, sai dai laya ko guntun igiya.

Abin da Ingila ta yi, da abin da ya dace da mu

Waɗansu in an yi maganar mugayen karnuka sai su kawo misalin Ingila. A 1991, bayan karnuka sun yi wa mutane munanan raunuka, majalisarsu ta yi doka ta hana ajiye waɗansu irin karnuka huɗu da aka san su da faɗa, cikinsu har da Fitbul na Amurka da Tosa na Japan. Ta kuma mai da shi laifi mutum ya bar karensa, ko wane iri ne, ya fi ƙarfinsa har ya zama haɗari. A 2014 aka ƙara wa dokar ƙarfi, ta shafi abin da ya faru ko a cikin gidan mai karen ne, kuma in karen ya kashe mutum ana iya ɗaure mai shi har shekara 14. A watan Fabrairu na 2024 suka ƙara wani ƙaton kare cikin waɗanda ba a ajiyewa sai da izini na musamman. Har yanzu su kansu suna gardama ko hana iri yana da amfani, domin likitocin dabbobi da yawa sun ce halin kare ya fi danganta ga yadda aka rene shi.

A ganina rabin dokar nan ya dace da mu, rabi bai dace ba. Yanzu a Kaduna da Kafanchan masu hali na sayen manyan karnukan waje, irin na 'yan sanda, saboda rashin tsaro, suna ɗaure su da sarƙa yini guda cikin rana, da dare su sake su. Irin waɗannan lalle a tilasta musu katanga da ƙofa mai kyau, da takunkumi in za a fita da karen. Amma a ƙasar Kauru ba irin kare ne abin tsoro ba. Ɗan karen nan namu na gida, ja mai tsayayyun kunnuwa, shi ne ke yawo daga bola zuwa bola ba allura, ya bi mafarauta daji ya yi faɗa da dila, ya komo ya kwanta inda yara ke wasa. Ingila tsibiri ce, ta daɗe da raba karnukanta da ciwon hauka. Mu kuwa muna tare da shi. Ga kuma fatauci. Ana ɗaukar karnuka a mota daga ƙauyukan Arewa ana kai su kasuwanni, babbarsu ita ce ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, ba Dawakinmu na Kauru ba. Ban kawo wannan don in zargi abincin kowa ba. Abin da na ke nufi shi ne, karen da ya yi cizo shi a ke saurin sayarwa, mai fawa da mai ɗauka kuwa ba su san abin da su ke taɓawa ba.

Wannan ya komo da mu ga kuskuren da samarin nan suka yi. Da suka kashe karen, aka tafi da gawar, sun ɓatar da shaida guda da za ta gaya mana ko yaron na cikin haɗari. Ƙa'idar likitoci ita ce, karen da ya yi cizo a tsare shi a ɗaki ko a keji kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa ana dubansa. In ya cika kwanakin nan garau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa sa'ad da ya yi cizon. In kuwa ya mutu, ko ya zama dole a kashe shi don ba ya kamuwa, sai a kira malamin dabbobi, shi ya san yadda za a aika da kan a gwada ƙwaƙwalwar. Ana yin wannan gwaji a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, a can kuma a ke yin allurar rigakafin karnuka. Amma kada a zauna jiran kwana 10 kafin a kai wanda aka ciza asibiti. A wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi wurin likita ran nan. Sa gashin karen a bakin ciwo, ko toka, ko barkono, ba ya kashe ƙwayar, sai ɓata lokaci.

Mu da za mu fita koyarwa, sau da yawa malami shi ne mutum na farko da zai ga ciwon, kamar yadda ya faru gare ni. Ku gaya wa yara tun makon farko cewa wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ba za a doke shi ba, ya zo ya faɗa. Ku koya musu kada su taɓa kare yana cin abinci, ko karya mai jego, kada su jefe shi, in kuma ya taso musu su tsaya cik, hannu a jiki, kada su ruga. In wani kare ya addabi hanyar makaranta, hedimasta ya rubuta cikin littafin makaranta da kwanan wata, ya kai wa mai unguwa ko dagaci, a kira mai shi gaban shaidu. Rubutun nan na layi biyu shi ne gargaɗin da shari'a ke nema tun zamanin Eshnunna.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya, an zaɓe ta don a ranar ce Pasteur ya rasu a 1895. Ƙasashe sun ɗauki niyyar kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare kafin ƙarshen 2030. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka ci gaba da yi shekara shekara, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ga aikin lissafi da za ku ba 'yan aji biyar. Kowane yaro ya ƙidaya karnukan gidansu da na maƙwabta, ya rubuta sunan gidan, ya tambayo ko an yi musu allura bana. A tara a allo. In an sami kare 60 a unguwa, sai an yi wa 42 kafin a ce an kai ga adadin. Takardar nan, da sunan kowane gida a gefen karensa, ku kai kwafi ɗaya wurin dagaci, ɗaya kuma ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.